Ra'ayinmu: Wane Ne Jarumi a Wurin 'Ya'yanmu?



'Yan'uwa masu karatu za su ga sanarwar kwamitin ilimi a cikin fitowar wannan wata, game da gasar rubutun insha'i da aka shirya wa ɗaliban makarantunmu na Islamiyya, maza da mata, wadda aka zaɓa mata maudu'in jarumtaka. Mai yiwuwa wani ya karanta sanarwar ya wuce, yana ganin harkar yara ce, wadda iyakarta a taru a raba kyaututtuka a ɗauki hoto a watse. Mu ba haka muke kallonta ba. A ganinmu tambayar da aka ɗora wa yaran nan, wato wane ne jarumi, kuma mene ne ya sa ya cancanci wannan suna, tana daga cikin tambayoyin da makomar al'umma ta rataya a kansu, domin kuwa haddar da aka ba yaro a makaranta ba ita kaɗai take gina shi ba, yana tasowa ne yana kwaikwayon wanda ya cika masa ido. Duk wanda ya san mutumin da ɗansa yake burin zama, to, ya san inda ɗan nan ya dosa.

Mu fara da ita kanta kalmar. A Hausar iyayenmu, idan aka ce jarumi, ko gwarzo, ko sadauki, ko barde, ana nufin mutumin da ya tsaya a ranar da maza suka juya baya, ya sa ransa a gaba domin kare garinsu da mutuncin mutanensa. Amma tun daga shekarun 1990, lokacin da sana'ar finafinan bidiyo ta kafu a Kano, kalmar ta sami sabon mazauni, har ya zamana a bakin jama'a jarumi da jaruma su ne waɗanda suke jan labari a fim. Ba muna tuhumar duk mai wannan sana'a ba ne, abin da muke nuni da shi shi ne, sunan da a da ba ya samuwa sai da wahala da hatsari, yanzu yana samuwa da fitowa a majigi. Abin da ya fi wannan muni shi ne wanda yaro yake gani a unguwa, inda ɗan daba mai wuƙa shi ne ake shakka, ake ba hanya, ake yi wa kirari, da kuma wanda yake gani a wayar hannu, inda 'yan bindigar daji suke baje makamai da kuɗi a shafukan sada zumunta ba kunya ba tsoron Allah. Wannan ita ce kasuwar da 'ya'yanmu suke sayen jarumansu a cikinta kullum, mu kuwa ba mu cika kasa tamu hajar ba.

Saboda haka kada malamai su razana idan takardu suka zo suka tarar wani yaro ya cika shafi biyu yana yabon ɗan ƙwallon Turai, ko wata yarinya ta zaɓi 'yar fim. Irin wannan takarda ba ta cancanci bulala ba, ta cancanci a zauna a karanta ta da natsuwa, domin madubi ce da za ta nuna mana abin da ya shiga zukatan 'ya'yanmu muna zaune. An ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Mun daɗe muna ɗauka cewa duk yaron da ya zauna a ajinmu ya riga ya zama namu, alhali sa'o'in da yake yi a gabanmu kaɗan ne a kan waɗanda yake yi a gaban wasu. Idan gasar nan ba ta yi mana komai ba face ta nuna mana wannan giɓi, to, ta biya kuɗin takardar da aka kashe mata.

To, mene ne ma'aunin jarumtaka a Musulunci? Malaman tarbiyya sun bayyana cewa hali ne da yake tsakanin ɓarna biyu, wato ragwantaka da take hana mutum tsayawa a inda gaskiya ta wajabta masa tsayawa, da kuma ganganci da yake jefa shi cikin halaka ba tare da ilimi ko manufa ba. Ya zo a cikin ingantaccen hadisin Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore sunan ƙarfi daga gwanin kayar da mutane a kokawa, ya ba da shi ga wanda yake iya riƙe kansa a lokacin fushi. Haka kuma ya zo a wani hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito, cewa daga cikin mutanen da za a fara yi wa hukunci ranar alƙiyama akwai wanda ya yi yaƙi har aka kashe shi, amma ya yi ne domin mutane su kira shi jarumi, sai aikin nasa ya zame masa asara. Wannan ya isa ya nuna cewa a wurinmu ana duba niyya da ilimi da haƙuri kafin a dubi ƙarfin damtse.

Tarihin magabata ma haka ya nuna. Shekara goma sha uku aka yi a Makka ba a zare takobi ba, amma a cikin shekarun nan ne aka kwantar da Bilal a rana aka ɗora masa dutse a ƙirji bai bar tauhidi ba, a cikinsu ne aka kashe Sumayya, uwar Ammar, ta zama farkon wadda ta yi shahada a wannan al'umma. Mus'ab ɗan Umair ya bar daular gidansu ya tafi Madina yana karantar da Alƙur'ani gida gida tun kafin hijira. Asma'u 'yar Abubakar ita ce ta ɗaure guzurin tafiyar hijira da ɗamararta a lokacin da Ƙuraishawa suke neman Annabi ruwa a jallo. A bayansu, Imamu Malik, wanda mazhabarsa muka gada a wannan ƙasa, an yi masa bulala a Madina saboda fatawarsa cewa sakin da aka tilasta wa mutum ba ya aukuwa, bai kuma janye ba. Imamu Ahmad ɗan Hambali ya sha ɗauri da duka a Bagadaza a kan aƙida, bai ce abin da mahukunta suke so ya ce ba, bai kuma tara jama'a ya ce a fito a yi tawaye ba. Waɗannan su ne sunayen da ya kamata su riga kowane suna shiga kunnen ɗan Musulmi.

A nan dole mu tsaya mu faɗi wata magana mai nauyi. Ƙasar nan ta ɗanɗana kuɗarta a hannun waɗanda suka ɗauki kalmomin jihadi da shahada da jarumtaka suka cusa wa matasa ba tare da ilimi ba. Mun ga abin da fitinar Maitatsine ta jawo wa Kano a watan Disamba na 1980. Mun ga abin da ya tashi a Maiduguri a 2009, da abin da ya biyo baya, har aka kai ga kashe ɗalibai a makarantar kwana ta Buni Yadi a watan Fabrairu na 2014, aka sace 'yan mata a Chibok a watan Afrilu na shekarar, aka riƙa ɗaura wa ƙananan yara bama-bamai ana tura su kasuwanni da masallatai, ana gaya musu wai jarumtaka ce. Mu da muke kira zuwa ga gyara, nauyin warware wannan ƙarya ya fi hawa kanmu, domin kalmomin addininmu aka sata aka yi ɓarna da su. Ya kamata kowane malami da zai yi wa ɗalibansa bayanin maudu'in gasar nan ya sanar da su cewa Abdullahi ɗan Umar ya gabatar da kansa ranar Uhudu, a shekara ta 3 bayan hijira, yana ɗan shekara goma sha huɗu, Manzon Allah ya mayar da shi gida. A ranar da Musulmi suke matuƙar buƙatar mayaƙa aka mayar da shi. Duk wanda ya miƙa wa yaro makami da sunan addini ya saɓa wa wannan koyarwa, ko da wane irin rawani ya naɗa.

Haka nan kuma muna kira da a gyara yadda ake koyar da tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa. Yaranmu da yawa abin da suka sani shi ne hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, da yaƙin Tabkin Kwatto, da faɗuwar Alƙalawa a 1808, kamar dai rayuwar Shehu ta fara ne ranar da aka ɗaura sirdi. An haifi Shehu a 1754, ya fara wa'azi yana da kimanin shekara ashirin, ya kuma shafe kimanin shekara talatin yana yawon karantarwa a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi kafin a harba kibiya ko ɗaya. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami a lokacin idi ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu bai karɓi dukiyar ba, a maimakonta ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiran, a mutunta masu rawani, a saki waɗanda suke kurkuku, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Malami ne ba shi da runduna, a gaban sarkin da ake tsoro, ya ture zinariya ya nemi 'yancin wasu. Idan yaro ya rubuta shafi ɗaya mai kyau a kan wannan rana, ya fahimci tajdidi fiye da wanda ya haddace sunayen yaƙe-yaƙe goma.

Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, shi ma yana da irin tasa. Wajen 1807, ana tsakiyar samun nasara, ya ga son duniya da neman mulki sun fara shiga cikin jama'a, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, har mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu littafin Diya'ul Hukkam a kan yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a. Faɗa wa abokan gaba gaskiya yana da wuya, amma faɗa wa 'yan gida ya fi wuya, kuma kowace ƙungiyar gyara tana buƙatar masu irin wannan zuciya, har da tamu. Sannan ga Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke tasowa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a wurinta su koma su karantar da mata. 'Ya'yanmu mata da za su shiga gasar nan ba sa buƙatar aron jaruma daga wata ƙasa.

Ba kuma a cikin littattafan tarihi kaɗai jarumai suke ba. A watan Yuni na 2018, lokacin da aka kai hare-hare a ƙauyukan Barikin Ladi ta Jihar Filato, wani dattijon limami, Malam Abubakar Abdullahi, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutane sama da ɗari biyu, mafi yawansu Kiristoci, ya tsaya a gaban maharan yana roƙonsu, bai miƙa ko mutum ɗaya ba. Ba shi da makami, abin da yake da shi shi ne sanin cewa ran ɗan Adam yana da alfarma, kuma wanda ya nemi mafaka amana ne. Muna so yaranmu su san cewa irin wannan yana faruwa a zamaninsu, su kuma buɗe ido su duba kusa da su. Akwai uwar da mijinta ya rasu ta riƙe marayu da sana'ar ƙosai ba ta miƙa hannu ga haram ba. Akwai malamin da yake tafiya ƙauye karantarwa a hanyar da kowa yake tsoro, da ma'aikacin da ya ƙi sa hannu a takardar ƙarya ya rasa ƙarin girma, da ɗalibin da aka miƙo masa satar amsa a ɗakin jarrabawa ya kau da kai. Yaron da ya iya gane jarumtaka a cikin gidansu zai yarda cewa shi ma yana iya yin ta.

Wani zai iya tambaya, me ya sa sai da rubutu, me zai hana a tara yaran a yi musu wa'azi a sallame su? Amsa ita ce, wa'azi yana shiga kunne, amma wanda aka ce ya rubuta dole ya yi tunani, ya zaɓa, ya kawo hujja, ya tsara magana har wani ya gamsu. Wannan al'umma ta san darajar alƙalami tun farkonta. Malaman sira sun ambata cewa bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, an sanya fansar wasu kamammu ta zama koya wa yaran Madina rubutu. Zaidu ɗan Sabit yana matashi ya zama marubucin wahayi, shi ne kuma Sayyidina Abubakar ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani. Jagororin jihadin Sakkwato kuwa littattafai da waƙoƙin da suka bari sun fi ganuwar garuruwansu daɗewa. A ɓangaren hadda mun gode wa Allah, musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta fara shiryawa a 1986 ta nuna abin da gasa take iya yi, domin ta zaburar da dubban yara zuwa ga hadda da tajwidi. Amma a ɓangaren insha'i an bar mu a baya, muna da mahaddata waɗanda idan aka ce su rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya sai gumi ya karyo musu.

Akwai darasi a tarihin adabin Hausa da bai kamata ya wuce mu ba. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, daga cikinta ne aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Abubakar Imam yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai a lokacin, daga baya ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Gasa ɗaya ce ta fito da littattafan da aka yi shekaru da dama ana karantawa a makarantun Arewa. Wanda ya shirya gasa shi yake kafa ma'auni, shi yake yanke abin da za a kira kyakkyawan rubutu. Idan muna so a sami marubutan da za su ba 'ya'yan Musulmi labarai masu daɗin karatu kuma masu tsabta, to, daga irin waɗannan ajujuwa za su fito, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai gasar ba za ta yi albarka ba sai an kiyaye amana, kuma a nan muna magana da iyaye da malamai kai tsaye. Kada uba ya rubuta wa ɗansa, kada malami ya rubuta wa ɗalibinsa domin sunan makarantarsa ya fito, kada kuma a bar yaro ya kwafo daga intanet ko ya sa manhajar waya ta tsara masa. Babu abin kunya da ya kai a ce an ci gasar jarumtaka da ha'inci, kuma yaron da aka koya wa haka ya ɗauki darasin da ya fi duk abin da ke cikin takardarsa ƙarfi, wato cewa manya suna faɗin gaskiya da baki suna aikata saɓaninta. Taimakon da ya halatta shi ne a ba yaro labari, a nuna masa littafi, a kai shi wurin kakarsa ko wani dattijo ya yi tambaya, sannan a bar shi da alƙalaminsa. Rubutu mai kura-kurai wanda ya fito daga zuciyar yaro ya fi mana gogaggen rubutun da babba ya yi masa. Haka kuma a koya wa yaran tantance labari, kada su jingina wa Annabi ko sahabbai ƙissar da ba ta inganta ba don kawai tana da daɗin ji.

Ga kwamiti da alƙalan gasa kuma, muna ba da shawara a cire sunayen yara da na makarantunsu daga takardu kafin a fara dubawa, domin kada ɗan shugaba ko ɗan mai hali ya sami abin da ba nasa ba. A karɓi rubutu da boko da ajami da Larabci, a nemo wa kowanne masu dubawa da suka ƙware, domin kada a rufe ƙofa ga almajirin tsangaya wanda ajami ne hannunsa. A kai sanarwa makarantun ƙauye, a ba su isasshen lokaci, kada abin ya tsaya a manyan birane. Kada kuma a taƙaita 'yan mata, a tabbata sun sami dama daidai da 'yan'uwansu maza. Game da kyauta, littattafai da ɗaukar nauyin karatu sun fi kuɗin da za a kashe a mako guda amfani, muna kuma kira ga masu hali daga cikin 'yan'uwa da su sa hannu. Mu a namu ɓangaren, shafukan wannan mujalla a buɗe suke domin buga zaɓaɓɓun rubuce-rubucen, saboda yaron da ya ga rubutunsa a buge ba zai sake raina alƙalami ba.

Muna roƙon Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya su cikin masu tsayawa a kan gaskiya da ilimi da haƙuri, Ya kare su daga ragwantaka da ganganci, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah Ya saka wa malaman makarantunmu da alheri bisa ɗawainiyar da suke yi.